Yadda zaka zaɓi tsawon handigad da tsarin maƙala kaya a bindigar AR-15 ba tare da ka zubar da kuɗinka ba

Akwai wani kwali a garejina nan Texas wanda uwargida ta raɗa wa suna kwalin nadama. A cikinsa akwai handigad guda biyu, wato rigar gaban bindiga, duka da kuɗina na saya, duka ba wanda yayi wata uku a jikin bindiga. Na farkon na saye shi ne don kawai na ganshi a hoto ya burge ni, dogo ne inci 15 mai haƙora ta ko'ina, da ya iso ma ƙin shiga yayi saboda ban kula da cewa bindigata tanada wannan dogon saitin gaba mai kusurwa uku ba. Na biyun ya shiga, amma nauyinsa duk ya tattaru a gaba, in na ɗaga minti biyu kafaɗata ta fara kuka. To abunda nake so in rage maka kenan.

Kafin mu shiga, magana ɗaya: wannan bayanin na wanda yake zaune inda doka ta bashi dama ne, kamar yawancin jihohin Amurka inda ake zuwa filin harbi ranar Asabar kamar yadda ake zuwa kallon ƙwallo. A gida Najeriya irin wannan bindigar ba ta farar hula bace, kuma fitar da kayan bindiga daga Amurka sai da izinin hukuma, kar wani yace a saƙa masa a akwati. Ko a Amurkan ma jiha da jiha ba ɗaya bane, California da New York dokarsu daban take da ta Texas, ka duba ta jiharka.

Handigad dai shine rigar nan ta alminiyom ko roba da ta lulluɓe bututun bindiga, inda hannunka na gaba yake riƙewa. Yana kare hannunka daga zafi, yana kare siririn bututun gas ɗin da yake kwance a saman babban bututu, sannan shine wajen maƙala tocila, maratayi, ƙafa biyu ta girke bindiga a ƙasa da sauransu.

Mataki na farko, ɗauko tef ka auna

Cire magazin, ja bolt baya, wato ƙarfen da ke rufe gindin bututu, ka leƙa da idonka ka tabbata ba harsashi a ciki, ka sake leƙawa. Sannan a fara.

Abu biyu zaka auna. Na ɗaya tsawon bututu: ka rufe bolt ɗin, ka zura sandar wanke bindiga ta baki har ta tsaya, kayi alama a daidai bakin, ka zaro ka auna. In abun da ke bakin irin wanda ake warwarewa ne ba'a lissafa shi. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa inci 16 ne, kuma ba banza ba, dokar tarayya ta 1934 ce, bayan gyaran da aka yi mata a 1960, ta ware duk raifil ɗin da bututunta bai kai inci 16 ba ta saka shi a wani rukuni mai rajista ta musamman. M4 ta sojoji inci 14.5 ce, tsohuwar M16 kuwa inci 20.

Na biyu shine inda gas bulok yake zaune, wato wannan ƙarfen da ya zagaye bututu yana karɓar hayaƙin harbi ya tura shi baya. Nisansa daga gangar jikin bindiga kala huɗu ne sanannu: wajen inci 4 a gajerun bututu, wajen inci 7 wanda ake cewa kabin, wajen inci 9 matsakaici, sai wajen inci 12 na dogayen bututu. Ka rubuta lambar nan a takarda, don itace zata yanke maka rabin hukuncin.

Sannan ka kalli siffar gas bulok ɗin. In mai kusurwa ukun nan ne da yake tsaye kamar hasumiya, to dogon handigad ba zai wuce ta kansa ba, nan na faɗa ramina na farko. Ko dai ka haƙura da wanda zai tsaya a bayansa, ko ka nemi mai tsaga da aka yi don ya zagaye shi, ko a cire shi a saka ƙaramin gas bulok mai kwanciya. Cire shi ba wasa bane, kusoshinsa guda biyu masu tsini ne da aka buga da ƙarfi, ta gefe ɗaya kawai suke fita. In zaka sayi sabon gas bulok ka auna kaurin bututun a daidai wajen, mafi yawa 0.750 na inci ne, sirara kuma 0.625.

Wani tarko kuma: in bututunka 14.5 ne wanda aka yi wa walda da abun baki don ya cika inci 16, to gas bulok ba zai zare ta gaba ba. Wannan kai wa makanikin bindiga kawai, kar kace zaka gwada.

Mataki na biyu, mai jingina ko mai shawagi

Kala biyu ne a kasuwa. Akwai na asali mai ɓari biyu, sama da ƙasa, wanda zaka danne zoben nan mai sifirin da ke gindin bututu ka zura shi ciki, minti biyar ka gama ba sai da kayan aiki ba. Tsawonsa ba zaɓinka bane, gas ɗinka ne yake zaɓa, in kabin ne inci 7 zaka saya shikenan. Matsalarsa itace gabansa yana jingine da bututu, don haka duk sanda ka ja maratayi da ƙarfi ko ka danna bindigar akan wani abu, kana ɗan lanƙwasa bututun ne, harsashi ya sauka wani waje daban.

Ɗayan kuma shine wanda ake cewa firi fulot, ni ina ce masa mai shawagi. Shi a gindi kawai yake kamawa, akan notin da ya ɗaure bututu, daga nan har gaba baya taɓa komai. Ka danna yadda kake so bututun bai san ana yi ba. Shi ne yake baka damar zaɓar tsawo.

Gaskiyar magana, in harbinka bai wuce yadi 50 zuwa 100 a fili da kuma ajiye bindiga a gida, na roban nan mai ɓari biyu irin MOE na Magpul ya isheka, ga arha ga rashin nauyi, kuma baya ƙona hannu da wuri kamar alminiyom. Mutane na raina shi ne don bai da kwalliya. Amma in kana son harbin nesa da madubin saiti, ko zaka ɗora akan ƙafa biyu, mai shawagi ne naka.

Mataki na uku, tsawon kansa

Nan ne ake asarar kuɗi, bari in ɗan daɗe.

Kanada iyaka biyu. Ta ƙasa: ya rufe gas bulok gaba ɗaya, don ƙaramin gas bulok ba'a yi shi don ya sha duka a waje ba, kuma yana zafi kamar garwashi, in ka ɗora ɗan yatsa bayan magazin biyu zaka tuna da ni. Kenan mai gas na inci 7 ya fara dubawa daga inci 9, mai na inci 9 ya fara daga wajen 10.5 ko 11, mai na inci 12 kuma daga 13 zuwa sama. Ta sama: kar ya kai ga abun bakin bindiga. Duk ramukan da wuta da hayaƙi ke fita dole su kasance a waje, in suka shige cikin handigad iskar harbin zata iya fasa shi, ga hannunka a wajen. Wannan ba maganar ra'ayi bace.

A bututu mai inci 16, inci 15 shine ƙarshen abunda zai shiga, yana tsayawa daf da inda zaren baki ya fara, saboda wani ɓangare na bututun yana cikin gangar jiki. A 14.5 kuwa 13 ko 13.5 ne ƙarshe, kuma shi ne ma awon da dakarun musamman na Amurka suka ɗauka a saman bindigarsu da ake kira URG-I, mai handigad Mk16 na kamfanin Geissele. Bututu mai inci 18 ko 20 yawanci 15 ake saka masa a zauna lafiya. Ka kuma kula, lambar da ke jikin kwali suna ne kawai, wani a rubuta 15 ka auna ka ga bai cika ba, wani ya ɗan gota, don haka ka nemi ainihin awon a bayanin kamfani kafin ka biya.

To tsakanin iyakokin nan biyu ina zaka tsaya? Ga dabarar da wani dattijo ya koya min a filin harbi, tsohon soja ne, bai cika magana ba. Yace ɗauki bindigar ba harsashi, rufe ido, kai ta kafaɗa, ka bar hannunka ya sauka inda yake so da kansa, kayi haka sau biyar. Sai ka manna salatif a inda babban yatsanka yake tsayawa, in hannun ya wuce handigad ɗin da ke kai ka riƙe sanda ko tsintsiya a madadinsa ka auna. Daga wannan alamar ka ƙara inci biyu zuwa uku don tocila. Tsawonka kenan. Nawa ya faɗo 13, ni da na sayi 15 har sau biyu.

Dogon yanada amfaninsa, ba zan ɓoye ba. Dogon mutum mai dogayen hannuwa da yake son miƙa hannu can gaba ya kama ta sama yadda 'yan gasa suke yi, yana buƙatarsa. Saitin ƙarfe na gaba in ya matsa can nesa da na baya an fi samun daidaito. Ƙafa biyu in tana can gaba bindiga ta fi zama daram. Tocila ma in tana kusa da baki inuwar bututu bata tare maka gefe ɗaya na hasken, sai dai kuma gilashinta zai riƙa yin baƙi da hayaƙi kana gogewa kullum.

Amma nauyi fa. Ba nauyin handigad ɗin kaɗai ba, inda nauyin yake zaune. Ɗauki bokitin ruwa a jikinka sannan ka miƙa hannu dashi, ruwan bai ƙaru ba amma kafaɗarka ta san bambanci. Ƙarin inci biyu a can gaba, da tocila da ka tura ƙarshensa don kaga akwai waje, shine yake maida bindiga mai daɗin ɗauka ta koma taɓarya. Kuma wajen da ba kowa yana kiran kaya, wallahi na gani a kaina, in akwai rami sai ka ji kana son cike shi.

Mataki na huɗu, wane tsari

Kafin ka karanta wannan ɓangaren ka rubuta abunda zaka maƙala da gaske, ba wanda kake mafarki ba. Yawancinmu lissafin baya wuce maratayi, tocila, wataƙila ɗan matokarin hannu, sai ƙafa biyu in mai harbin nesa ne.

Picatinny shine kakan su duka. Sunan wata ma'aikatar makamai ne ta sojan Amurka a jihar New Jersey, an tsayar da ma'auninsa a 1995 da lamba MIL-STD-1913. Shine layin nan mai haƙora da ke saman bindigarka inda madubi yake zama, faɗin kowace tsaga 0.206 na inci. Kar ka haɗa shi da Weaver wanda suke kama a ido, tsagar Weaver ta fi ƙanƙanta, shi yasa sau da yawa kayan Weaver zasu hau Picatinny amma na Picatinny su ƙi hawa Weaver. Handigad mai wannan layin a duka ɓangarori huɗu shine wanda aka saba gani a hotunan sojojin Amurka a Iraƙi da Afganistan, irin na Knight's Armament da Daniel Defense. Ƙarfi kam ba'a magana, kuma kayan da ke da liba, ɗan hannun matsewa, zaka cire ka mayar cikin daƙiƙa ba tare da makulli ba. Sai dai ga kauri, ga nauyi, ga cin hannu kamar magogin kuɓewa, dole ka sayi murfin roba ka rufe haƙoran da baka amfani dasu, kaurin ya ƙara ƙaruwa.

KeyMod ya fito a 2012 daga kamfanin VLTOR tare da Noveske, ramukansa kamar ramin makullin ƙofa, ka zura ta babban wajen ka tura gaba ka ɗaure. An sake shi kyauta kowa ya ƙera, kuma ya yi tashe na wasu shekaru.

M-LOK kuma Magpul ne suka fito dashi a 2014. Ramuka ne dogaye, kowanne tsawon milimita 32 faɗin 7, tsakanin rami da rami milimita 8. Kayan suna zuwa da ɗan noti mai siffar T wanda yake shiga ramin, in ka murɗa sukuru sai ya juya ya gitta ya ciji bayan ƙarfen. Shima ba'a biyan kuɗin lasisi, amma sai kamfani ya nemi izini ya bi awon, abunda yasa kayan wannan kamfani suke hawa na wancan ba rigima.

An yi ta musu tsakanin magoya bayan biyun nan kamar 'yan Barcelona da Madrid, har zuwa 2017 da sakamakon gwajin cibiyar sojan ruwa ta Crane da ke jihar Indiana ya fito, wanda suka yi wa rundunar dakarun musamman. A gwajin jefarwa ƙasa duk kayan da ke kan M-LOK sun zauna a wajensu, na KeyMod kuwa kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka tsira. A ɗaukar nauyi da komawa saiti bayan an cire an mayar ma M-LOK ne a gaba. Daga nan kasuwa ta juya. In kanada KeyMod a hannu yana maka aiki kar ka zubar, amma sayen sabo yau ban ga dalili ba ko da an karya farashi, don kayan da zaka maƙala masa sai ƙara wuyar samu suke.

Shawarata a taƙaice: M-LOK a gefe da ƙasa, Picatinny a sama. In wani abunka sai da Picatinny, akwai 'yan guntayen layi masu tsaga uku ko biyar da ake ɗaurawa akan M-LOK a daidai inda kake buƙata. Masu harbin nesa sosai kuma yanzu suna saka Arca a ƙasa, wani shimfiɗaɗɗen layi ne da aka aro daga masu kyamara, yana barin ka zame ƙafa biyu gaba da baya ko ka ɗora bindigar akan ƙafa uku. In baka harbi akan ƙafa uku ka manta dashi.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata aiki

Faɗin ciki. Siraran handigad ɗin yanzu cikinsu wajen inci 1.3 ne, daɗin riƙo amma ba kowane gas bulok yake shiga ba, musamman mai sukurori a gefe. Tambayi mai sayarwa kafin ka biya. Sannan wasu sunada 'yan kunnuwa biyu a baya da suke rungumar gangar jiki don kar handigad ya juya, an yi su ne don gangar jiki irin ta awon soja, in taka irin mai kaurin nan ce da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom kunnuwan ba zasu zauna ba. Mai AR-10 kuwa, wadda ta fi AR-15 girman harsashi, ya yi hattara sau biyu, kayan AR-15 basa hawa, kuma a cikin AR-10 ɗin ma zaren irin na kamfanin DPMS daban na kamfanin ArmaLite daban, tsayin layin sama ma akwai dogo akwai gajere.

Ka duba ko akwai ramin maratayi a jikinsa tun daga kamfani, zai rage maka sayen wani abu. Kuma ka guji na arhar nan marasa suna da 'yan sukurori biyu kawai suke matse su, na biyun da ke kwalin nadama irinsu ne, bayan harbi kamar ɗari biyu na lura ya fara zamewa gaba.

Mataki na ƙarshe, ɗaurawa

In bakada bays na matse ƙarfe da abun riƙe gangar jiki da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, kai wa makaniki, kuɗin aikin bai kai kuɗin kayan aikin ba. In kanada su, ka shafa giris a zaren, ka ɗaure notin bututu ka sassauta sau biyu ko uku don zaren ya zauna, sannan ka ɗaure na ƙarshe. Notin asali ana ɗaure shi tsakanin fut-fam 30 zuwa 80 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, amma mai shawagi yana zuwa da nasa notin da nasa awon a takarda, ita zaka bi. Ka tabbata siririn bututun gas yana shiga gangar jiki sumul baya gogar komai, kuma layin saman handigad ya miƙe da na gangar jiki.

Wajen maƙala kayan M-LOK, awon Magpul shine inci-fam 35 in ƙarfe ne akan ƙarfe, inci-fam 15 in akwai roba a ɗaya daga ciki. Inci-fam fa nace, ba fut-fam ba, ɗaya ya ninka ɗaya sau 12, wanda ya rikita su sai ya tsinke sukuru. Kafin ka zura, ka daidaita tazarar notin T ɗin da kaurin bangon handigad, ka leƙa ta ciki ka ga ya gitta da gaske. Kuma ka duba tsinin sukurun bai taɓa gas bulok ko bututu ba, in ya taɓa ka kashe shawagin da ka biya kuɗi dominsa, ka matsa rami ɗaya ko ka nemi gajeren sukuru.

Madubi ya zauna gaba ɗayansa akan gangar jiki, kar ƙafa ɗaya tana can ɗaya tana kan handigad. Tocila ka saka ta inda yatsanka zai kai ba tare da ka saki riƙo ba, ni tawa tana gefen dama can sama. Ƙafa biyu a ƙasa can gaba.

Da ka gama ka ɗauki alƙalamin fenti ka ja ɗan layi daga kan kowane sukuru zuwa jikin ƙarfen. Kaje fili ka sake saita madubi don canza handigad yana iya motsa inda harsashi ke sauka, ka harba magazin biyu ko uku, ka bari ta huce, sannan ka duba layukan nan. Wanda ya goce ka sassauta shi, ka ɗiga masa shuɗin gam ɗin zare, ka sake ɗaurewa.